Sayar da Portland Trail Blazers: Yadda biranen Amurka ke rasa ƙungiyoyin ƙwallon kwando, da wanda ke biyan kuɗin riƙe su

A watan Mayun 2025 ne masu kula da dukiyar marigayi Paul Allen, attajirin da ya kafa kamfanin Microsoft tare da Bill Gates, suka sanar da cewa sun sa ƙungiyar ƙwallon kwando ta Portland Trail Blazers a kasuwa. Allen ya sayi ƙungiyar a shekarar 1988 a kan dala miliyan 70, ya kuma riƙe ta har zuwa rasuwarsa a watan Oktoban 2018. Bayan 'yan watanni da wannan sanarwa, wasu masu zuba jari a ƙarƙashin jagorancin Tom Dundon, ɗan kasuwa daga jihar Texas, suka cimma yarjejeniyar sayenta a kan kuɗin da ya haura dala biliyan 4.

Mazauna Portland, birni mafi girma a jihar Oregon, ba su ɓata lokaci wajen mamakin farashin ba. Tambayar da ta fi damunsu ita ce ko ƙungiyar, wadda ke garin tun 1970 kuma ta lashe kofin NBA a 1977, za ta ci gaba da zama tare da su. Masu sayen sun ce niyyarsu ke nan. Shugaban hukumar NBA, Adam Silver, shi ma ya ce hukumar ta fi son ƙungiyar ta zauna inda take, sai dai ya haɗa da cewa da alama birnin na buƙatar sabon zauren wasa.

Wannan magana ta zaure ita ce ta tayar da hankalin masu bibiyar lamarin, domin sun taɓa jin irinta. Kimanin kilomita 280 arewa da Portland akwai birnin Seattle, wanda ya rasa ƙungiyarsa a 2008, kuma da batun zaure aka fara. Duk lokacin da aka sa ƙungiyar NBA a kasuwa, ciniki biyu ne ke tafiya lokaci guda: ɗaya tsakanin mai sayarwa da mai saye, ɗayan kuma tsakanin sabon mai ƙungiyar da baitulmalin jama'a. Wannan maƙala ta yi bayani a kan ciniki na biyun.

Ta yaya ƙungiya ke tashi daga gari?

Ga mai karatun da ya saba da ƙungiyoyi irin su Kano Pillars, wadda gwamnatin jiha ke riƙe da ita, ko kuma manyan kulob-kulob na Ingila da suka shekara fiye da ɗari a gari guda, batun ƙungiya ta kwashe kayanta ta koma wani birni na iya zama baƙon abu. A Amurka kuwa tsarin ya sha bamban. Gasar NBA rufaffiya ce mai ƙungiyoyi 30, 29 a Amurka, ɗaya a birnin Toronto na Kanada. Babu faɗawa rukuni na ƙasa, babu haurowa daga can. Kowace ƙungiya kamfani ce mai zaman kanta, kuma abin da mai ita ya mallaka shi ne kujera ɗaya daga cikin kujeru 30. Sunan garin da ke jikin riga ana iya sauya shi.

An sha sauya shi kuwa. Ƙungiyar Lakers ta tashi daga Minneapolis zuwa Los Angeles a 1960. Jazz ta bar New Orleans zuwa jihar Utah a 1979. Grizzlies ta bar Vancouver zuwa Memphis a 2001, Hornets kuma ta bar Charlotte zuwa New Orleans a 2002.

Ƙa'idar hukumar ta tanadi cewa mai son tashi zai shigar da takarda, wani kwamiti ya yi nazari ya ba da shawara, sannan masu ƙungiyoyin 30 su kaɗa ƙuri'a. Rinjaye kawai ake buƙata domin amincewa da ƙaura, yayin da sayar da ƙungiya ke buƙatar amincewar kashi uku cikin huɗu. Magoya baya ba su da ƙuri'a a wannan zama, haka ma magajin gari.

Tushen ƙarfin masu ƙungiyoyin shi ne ƙarancin kujerun. Biranen da ke da yawan jama'a da arziƙin ɗaukar nauyin ƙungiya sun fi ƙungiyoyin yawa, kuma masu ƙungiyoyin ne da kansu ke yanke shawarar ko za a ƙara sababbi. Saboda haka a kowane lokaci akwai birnin da ke jira a gefe, wanda za a iya nuna wa mai taurin kai a ce masa: in ba ka gina ba, ga wanda zai gina.

Abin da ya faru da Seattle

An kafa ƙungiyar Seattle SuperSonics a 1967. Ta lashe kofin NBA a 1979, ta kuma kai wasan ƙarshe a 1996 da taurarinta Gary Payton da Shawn Kemp, inda ta sha kaye a hannun Chicago Bulls ta Michael Jordan. A 1995 ta koma zauren KeyArena bayan an sabunta shi da kuɗin birnin, a ƙarƙashin yarjejeniyar hayar da za ta ƙare a 2010.

A 2001, gungun masu zuba jari a ƙarƙashin Howard Schultz, shugaban kamfanin Starbucks, suka sayi ƙungiyar a kan dala miliyan 200. Ba a jima ba suka fara kukan asara, suna cewa zauren ya yi ƙanƙanta kuma sharuɗɗan hayar ba su yi musu daɗi ba. Suka nemi majalisar dokokin jihar Washington ta amince da fiye da dala miliyan 200 na kuɗin jama'a domin sake gyara shi. Majalisar ta ƙi.

Ƙin nan yana da tarihi. A shekarun da suka gabata masu biyan haraji a yankin sun riga sun ɗauki nauyin manyan filaye biyu, ɗaya da aka buɗe a 1999, ɗaya a 2002. Tsohon filin Kingdome kuwa an rushe shi a 2000, amma sai a 2015 aka gama biyan bashin da ke kansa. Jama'a sun gaji.

A watan Yulin 2006 Schultz ya sayar da ƙungiyar, haɗe da takwararta ta mata, Seattle Storm, a kan dala miliyan 350 ga wasu 'yan kasuwa daga birnin Oklahoma a ƙarƙashin Clay Bennett. An sa sharaɗin cewa sababbin masu ita za su yi iyakar ƙoƙarinsu da zuciya ɗaya na tsawon watanni 12 domin samar da sabon zaure a yankin Seattle. Watanni huɗu bayan haka, kusan kashi uku cikin huɗu na masu zaɓe a birnin suka amince da wata doka da ta hana hukumar birni zuba kuɗi a harkar ƙungiyoyin wasanni sai idan kuɗin zai dawo da riba. Bennett ya gabatar da shirin gina zaure na kimanin dala miliyan 500 a garin Renton da ke kusa, yana neman jama'a su biya kaso mafi tsoka. Majalisa ta sake watsar da batun.

Daga nan asiri ya fara tonuwa. A watan Agustan 2007 ɗaya daga cikin abokan Bennett, Aubrey McClendon, ya shaida wa wata jaridar Oklahoma cewa ba su sayi ƙungiyar domin su bar ta a Seattle ba. NBA ta ci tararsa dala 250,000. Da birnin Seattle ya kai ƙara kotun tarayya yana neman a tilasta wa ƙungiyar cika wa'adin hayarta, sai saƙonnin imel da masu ƙungiyar suka aika wa juna suka fito fili, inda aka ga suna tattauna batun ƙaura tun watan Afrilun 2007, lokacin da wa'adin watanni 12 bai cika ba. Bennett ya musanta wannan fassara, ya ce ƙoƙarin da yake nufi a saƙon nasa na tsayar da ƙungiyar a Seattle ne.

Shi kuwa birnin Oklahoma ya riga ya shirya. Ya karɓi baƙuncin ƙungiyar Hornets na kakar wasa biyu bayan guguwar Katrina ta 2005 ta ɗaiɗaita New Orleans, ya nuna cewa yana iya cika zaure. A watan Maris ɗin 2008 masu zaɓensa suka amince da harajin santi ɗaya a kan kowace dala ta sayayya, domin tara kimanin dala miliyan 120 na gyaran zaurensu da gina wurin atisaye.

Ranar 18 ga Afrilun 2008, masu ƙungiyoyin NBA suka amince da ƙaurar da ƙuri'a 28, biyu suka ƙi. Biyun su ne Mark Cuban na Dallas da Paul Allen na Portland, wato mutumin da ƙungiyarsa ce aka sa a kasuwa a 2025. Ranar 2 ga Yuli, sa'o'i kaɗan kafin alƙaliya ta yanke hukunci, hukumar birnin Seattle ta yi sulhu: ta karɓi dala miliyan 45, ta saki ƙungiyar, aka bar wa birnin suna da launin riga. An yi alƙawarin ƙarin dala miliyan 30 bisa wasu sharuɗɗa, ciki har da amincewar majalisar jiha da kuɗin gyaran KeyArena. Majalisar ba ta amince ba, kuɗin bai zo ba.

Ƙungiyar ta tafi da matasan taurari biyu da ta zaɓa tana Seattle, Kevin Durant da Russell Westbrook, ta koma Oklahoma City Thunder. A 2025 ta lashe kofin NBA.

Sacramento: birnin da ya tsira, da abin da ya biya

Shekara biyar bayan haka, reshe ya juye da mujiya: Seattle ce ta nemi ɗauke ƙungiyar wani gari. A watan Janairun 2013 iyalan Maloof suka amince su sayar da kashi 65 cikin ɗari na Sacramento Kings ga Chris Hansen da Steve Ballmer, shugaban Microsoft na lokacin, a kan farashin da ya ɗora darajar ƙungiyar a dala miliyan 525. Shirin a bayyane yake: a kai ta Seattle a maido da sunan SuperSonics. Ita kanta Kings ba baƙuwar ƙaura ba ce, domin ta zauna a Rochester da Cincinnati da Kansas City kafin ta iso Sacramento a 1985.

Magajin garin Sacramento na lokacin, Kevin Johnson, tsohon ɗan wasan NBA ne. Ya haɗa wasu masu zuba jari a ƙarƙashin Vivek Ranadivé, ɗan kasuwar fasaha haifaffen Indiya, domin su yi tayin da zai yi gogayya da na Seattle. Hansen ya ƙara tayinsa har darajar ta kai dala miliyan 625. Duk da haka, ranar 15 ga Mayun 2013 masu ƙungiyoyin suka ƙi amincewa da ƙaurar da ƙuri'a 22, takwas suka goyi baya. Aka sayar wa Ranadivé a kan daraja ta kimanin dala miliyan 534.

Abin lura shi ne tayin da ya fi tsoka ne ya sha kaye. Abin da Sacramento ta ajiye a kan tebur, wanda Seattle ta ƙi ajiyewa a 2008, shi ne alƙawarin kuɗin jama'a. Majalisar birnin ta amince da gudunmawar kimanin dala miliyan 255 domin gina zauren Golden 1 Center, wanda aka buɗe a 2016. An ciyo mafi yawan kuɗin bashi ne ta hanyar takardun lamuni, da shirin biya daga kuɗin ajiye motoci, kuma idan wannan ya gaza asusun birnin ne zai cike giɓin. Wasu mazauna garin sun tattara sa hannu domin a yi ƙuri'ar raba gardama a kan tallafin, amma kotu ta yi watsi da takardunsu a 2014. An kuma gano cewa Hansen ya ba da dala 100,000 a ɓoye domin tallafa wa wannan yunƙuri, abin da ya jawo masa tara.

Wa ke biya, wa ke cin riba?

Misalin Milwaukee ya fi fito da lissafin fili. A 2014 tsohon sanata Herb Kohl ya sayar da ƙungiyar Bucks a kan dala miliyan 550. An sa sharaɗin cewa idan ba a samar da sabon zaure zuwa 2017 ba, NBA na da damar saye ƙungiyar daga hannun sababbin masu ita. An faɗa wa 'yan majalisar jihar Wisconsin ƙarara cewa daga nan sai Las Vegas ko Seattle. A 2015 gwamna Scott Walker ya sa hannu a kan dokar da ta ware dala miliyan 250 na kuɗin jama'a. An buɗe zauren a 2018, Bucks ta lashe kofi a 2021 da tauraronta Giannis Antetokounmpo, ɗan Girka wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. A 2023 ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, Marc Lasry, ya sayar da kasonsa a kan farashin da ya ɗora darajarta a dala biliyan 3.5. Jihar da ta sa kuɗinta ba ta da kaso a wannan hauhawa.

Birnin Oklahoma ma bai kuɓuta ba. A watan Disambar 2023 masu zaɓensa suka amince da tsawaita harajin santi ɗaya na tsawon shekara shida, domin gina sabon zaure da zai ci aƙalla dala miliyan 900. Gudunmawar masu ƙungiyar dala miliyan 50 ce, alhali darajar ƙungiyar da suka saya a kan miliyan 350 ta haura dala biliyan 3 a ƙiyasin mujallar Forbes. Abin da birnin ya samu shi ne alƙawarin ƙungiyar za ta zauna shekara 25 a sabon zauren. Harajin sayayya kuwa ya fi cizon mai ƙaramin ƙarfi, domin shi ne ke kashe kusan duk abin da ya samu a kan buƙatun yau da kullum. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Masu goyon bayan irin wannan tallafi kan ce zaure na kawo ayyukan yi, yana farfaɗo da tsakiyar gari, yana jawo baƙi. Masana tattalin arziƙi sun daɗe suna auna wannan iƙirari. Tun daga littafin da Roger Noll da Andrew Zimbalist suka shirya a 1997 har zuwa bitar da John Charles Bradbury da Dennis Coates da Brad Humphreys suka yi a shekarun baya-bayan nan, sakamakon kusan iri ɗaya ne: filayen wasa ba sa haɓaka tattalin arziƙin gari gwargwadon kuɗin da ake zuba musu. Dalilin mai sauƙin fahimta ne. Iyalin da suka sayi tikitin wasa, da ma za su kashe wannan kuɗi a gidan abinci ko sinima a cikin garin. Yawancin ayyukan da ke cikin zaure na wucin gadi ne, kuma ƙungiya na buga wasanni kusan 41 ne a gida a kakar wasa. Kaso mai yawa na kuɗin shiga yana tafiya ne ga 'yan wasa da masu ƙungiya, waɗanda da yawansu ba a garin suke kashe shi ba.

Wannan bai nuna cewa ƙungiya ba ta da amfani ga gari ba. Akwai alfahari da zumunci da abin da ke haɗa kaka da jika a kan magana ɗaya, kuma mazauna Seattle da suka shekara da shekaru suna sanya koriyar rigar ƙungiyar da ta tafi sun isa shaida. Masu zaɓen Oklahoma sun amince da harajinsu da gagarumin rinjaye, idonsu biyu. Muhawarar ita ce ko ana faɗa wa jama'a gaskiyar abin da suke saye, da kuma ko ana ba su damar kaɗa ƙuri'a a kai.

Akwai wata hanya?

Akwai. Ƙungiyar Golden State Warriors ta gina Chase Center a San Francisco da kuɗin 'yan kasuwa, aka buɗe shi a 2019. Ballmer, wanda ya sayi Los Angeles Clippers a kan dala biliyan 2 a 2014, ya gina Intuit Dome da kuɗinsa, aka buɗe a 2024. A Seattle ma, wani kamfani mai zaman kansa ya kashe fiye da dala biliyan ɗaya ya sake gina tsohon KeyArena, aka buɗe shi a 2021 da sunan Climate Pledge Arena. Sai dai waɗannan birane ne masu arziƙi, inda zaure ke iya biyan kansa da bukukuwan kaɗe-kaɗe da hayar manyan kamfanoni. Ƙananan birane ba su da wannan ƙarfin ciniki, shi ya sa barazanar ƙaura ta fi tasiri a kansu.

Doka ma na iya taimakawa. Jihar Ohio ta kafa doka a 1996 da ta wajabta wa ƙungiyar da ke wasa a filin da aka tallafa da haraji ta ba da sanarwar wata shida kafin ta tashi, ta kuma ba mazauna yankin damar saye. An dogara da ita a 2018 wajen hana ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Columbus Crew komawa Texas. Ita ma Seattle Storm ta tsira ne saboda wasu mata 'yan kasuwa na garin sun saye ta a kan dala miliyan 10 a 2008, kafin Bennett ya tafi.

Abin da za a sa wa ido a Portland

An buɗe zauren Moda Center a 1995, shekarar da aka buɗe sabuntaccen KeyArena. A 2024 hukumar birnin Portland ta karɓi mallakar ginin, a ƙarƙashin yarjejeniyar da ta ɗaure ƙungiyar a can har zuwa 2030. Ma'ana, gyara ko sake gini ya zama batun da ya shafi aljihun jama'a kai tsaye.

Abubuwan da suka faru a Seattle da Sacramento da Milwaukee sun nuna tambayoyin da ya kamata mai biyan haraji ya yi. Alƙawarin zama rubutacce ne mai tara idan aka saɓa, ko kuwa furuci ne a taron manema labarai? Kaso nawa masu ƙungiyar za su biya, kuma wa zai ɗauki nauyi idan kuɗin gini ya zarce ƙiyasi? Daga wane haraji za a biya bashin, na tsawon shekara nawa? Idan aka sake sayar da ƙungiyar da riba, jama'a na da kaso? Shin masu zaɓe za su kaɗa ƙuri'a, ko majalisa ce za ta yanke a madadinsu?

Bennett ma ya yi alƙawarin ƙoƙari da zuciya ɗaya, kuma a rubuce. Abin da birnin Seattle ya iya riƙewa a kotu shi ne takardar haya, wadda ta rage saura shekara biyu, kuma da ita ya karɓo dala miliyan 45. Portland na da irin wannan takarda har zuwa 2030. Amsar da 'yan majalisar Oregon da hukumar birnin suka bayar ga waɗannan tambayoyi kafin wa'adin ya cika ita ce za ta nuna ko ƙungiyar za ta zauna, da kuma nawa zamanta zai ci wa mazauna garin.